Jan Fenti a Kan Ƙaho

Gumel,
ranar Asabar.

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata ka sauka Kaduna lafiya, ka sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare ka a kan hanya da cikin gari, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin baki, ya sa ka fara wannan aiki na masaƙa a sa'a. Mu nan kowa lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Bayan haka, ya zama wajibi in sanar da kai, da duk wanda abin ya shafa, cewa ranar Talatar makon jiya, bayan sallar la'asar, a gaban shaidu biyu, wato mahaifiyarka da akuyarta, an sauke kwaɗon nan da ka maƙala a ƙyauren zaurenmu daga muƙaminsa. Ba korarsa aka yi ba, wurin aiki aka canja masa. Yanzu yana ɗaure a kunnen guga, inda nauyinsa yake sa gugan ya kife ya sha ruwa da wuri. Mahaifiyarka ta ce tun da aka fara ƙera kwaɗo ba a taɓa yin mai amfaninsa ba. Makullan biyu suna cikin ambulan ɗin nan, ka ajiye don tarihi.

Na san da kuɗin riɗin da ka noma ka saye shi, na kuma san ƙauna ce ta sa. Ban manta da abin da ka faɗa ba ranar da kake ɗaura shi, ana jibi za ka tafi. Ka ce zamani ya canja, yanzu ba a yarda da kowa. Ni kuwa na gyara tsayuwa irin ta hedimasta na yi maka lacca a kan amana, tun daga kakanninmu har zuwa rumbunan da muke ginawa a bayan gari ba mai gadi. Ka saurara cikin ladabi har na gama, sannan ka sunkuyar da kai ka ce:

"To ai Baba, ko Baffa Giɗaɗo da kuka yi shekara ashirin tare, sai da ka shafa wa shanunka fenti."

Na ce maka wannan daban ne, fushin Fillo ne kawai ya raba mu, na ɗauki buta na tafi alwala alhali lokacin salla bai yi ba. Wannan wasiƙa ita ce amsar da ban ba ka ba a ranar.

Ba zan yi maka gardama a kan abin da idonka ya gani ba. Ni ma na gani. Na ga mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki. Na ga katangu a Kano an jera musu fasassun kwalabe kamar haƙoran kada. Tun da naira ta zo, mutum ba ya faɗin shekarunsa a gaskata shi sai ya je kotu ya rantse an buga masa hatimi, kamar alƙali ne ya yanke masa cibi. Duk na yarda. Abin da na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi har a kai ni kushewa, shi ne a ce zamani ne ya yi. Zamani ba shi da hannu, Sani. Bai taɓa shiga kanti ya sayi kwaɗo ba, bai taɓa buɗe gwangwanin fenti ba. Mu muke yi, mu koma gefe mu ce shi ne. Ga yadda ni na yi nawa.

Lokacin ina koyarwa a Gagarawa, kana ɗan aji uku, wani baƙo ya sauka a zaurenmu. Dogo ne, da tabarau da farin takalmi, ya ce shi malamin makaranta ne daga Damagaram. Abin da ya fara yi shi ne tsayawa a gaban kantar littattafaina ya girgiza kai, ya ce bai taɓa zaton za a sami mai ilimi irina a wannan daji ba. Kwana uku yana cin tuwon mahaifiyarka yana jefa mini Faransanci ɗaiɗai, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ina ji. Mahaifiyarka ta ce ita fa mutumin bai kwanta mata ba, don bai taɓa tambayar sunan yaro ko ɗaya a gidan ba. Na ce mata masu ilimi ba su da lokacin ƙananan maganganu. Safiyar Alhamis ya ari sabon kekena zai leƙa kasuwar Maigatari ya dawo kafin la'asar. Har yanzu la'asar ɗin ba ta yi ba.

Ka lura da kyau, domin nan mutane suke ɓata lissafi. Ba yarda ce ta cuce ni ba, son yabo ne. Ban yarda da mutumin ba, ban ma san shi ba, da bakinsa mai zaƙi na yarda. Saboda haka in wani ya zo maka a Kaduna yana gaya maka kai daban ne a cikin 'yan arewa, ka ba shi ruwa, ka ba shi tabarma, ka riƙe kekenka. Kuma in an cuce ka, don za a cuce ka, ka auna abin da ya tafi. Ni keke ne ya tafi. Na yi wata biyar ina zuwa makaranta a ƙafa, likita ma ya ce tafiyar ta yi mini amfani. Da a nan abin ya tsaya, da araha na sha.

Amma bai tsaya ba. An yi mini dariya a majalisa har ta ishe ni, kuma dariya ta fi sata ciwo ga mai taƙama da karatu. Na rantse a raina ba za a ƙara mai da ni wawa ba. Ka ji tsoron wannan rantsuwa. Wanda ya cuce ka ya riga ya haye iyaka, ba za ka ƙara ganinsa ba, sai ka juyo ka huce a kan wanda bai je ko'ina ba.

Ka san Giɗaɗo tun kana goye, amma ba ka san farkonmu ba. Ina sabon malami a wani ƙauye gefen Sule Tankarkar, rugarsu tana bayan makaranta. Ranar farko da ya ji ni Bamange ne ya kafa sandarsa a ƙasa ya ce alhamdu lillahi, Allah ya kawo masa bawa har gida, ba sai ya je kasuwa ba. Na ce Bafillacen da bai san ɗaki mai kusurwa huɗu ba ina shi ina mallakar bawa. Ka san wasan da ke tsakaninmu Mangawa da su Fulani, gado ne. Tun daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba sai "bawana", ko a gaban sufeton makarantu. Da na tara ɗan abin da na tara na sayi karsana huɗu na kai masa. Ba takarda, ba shaida. Haka ake yi. Kai ka ba da, shi ya kiwata, nono nasa, 'ya'ya naka. In kun haɗu a kasuwa ya ce saniyarka ta haihu, ka ce madalla, ka saya masa goro da kanwa. Ba a tambayarsa nawa suka zama. Tambayar kanta zagi ce.

Sai shekarar fari ta zo. Ka tuna ta, ka tuna mushe a kan hanyar Maigatari da mutanen da suka riƙa gangarowa daga arewa da ƙwarya a hannu. Giɗaɗo ya kaɗa garkensa ya yi kudu. Saƙo ɗaya ya aiko mini ta bakin wani mai sayar da igiya: a gaya wa bawana na bi ciyawa. Damina ta wuce, wata ta wuce, shiru.

A majalisarmu ta gindin maina, lokacin an riga an dawo da ni Gumel, ba a rasa masana. Akwai Alhaji Tanko mai kanti, wanda a ganinsa duk ɗan Adam ɓarawo ne da bai sami dama ba. Kullum na zauna sai ya tambaye ni lafiyar shanu, ya ƙara da cewa wataƙila yanzu sun zama sadakin wata a bakin Binuwai. Wani ya ce Malam ai ya saba, ya ba da keke, yanzu ya ba da shanu, saura ya ba da hular kansa. A fili ina kare Giɗaɗo, har da jawo misalai daga littattafai. A ciki kuwa maganar ta shiga kamar gara a azara, waje lafiya, ciki gari.

Ga nasiha ta biyu. Kada ka kai abokinka majalisa a yi masa shari'a ba ya nan. Masu zaman majalisa ba su yi asarar komai ba in ka rabu da amininka, hira suka samu. Alhaji Tanko bai taɓa shan furar gidan Giɗaɗo ba, ni na sha ta shekara ashirin, amma na bar wanda bai sani ba ya koya wa wanda ya sani. A masaƙa za ka sami irinsa, kowace ma'aikata tana da nata. In zargi ya shiga ranka, ka tafi wurin mai shi ka buɗe baki ka tambaya. Tambaya tana da zafi kwana ɗaya. Abin da na yi a madadinta ya yi shekara biyu yana ƙuna.

Daga baya Giɗaɗo ya dawo. Wata Alhamis ina kara, wato kasuwar shanu, a Maigatari sai na ji an zungure ni da sanda ta baya, an ce wa ya saki bawan nan yake yawo ba igiya. Na juya na ga Giɗaɗo, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Muka rungume juna. Ya ce ya sauka tsohon wurinsa, shanuna suna nan. Bai ce nawa ba, ni ma ban tambaya ba. Na koma gida da murna, murnar ta kwana biyu, a na uku gara ta ci gaba da aikinta. Me zai hana ya ce uku sun rage, ya riƙe saura? In gobe ya sake yin kudu fa?

Akwai ragowar jan fenti da aka shafa wa ƙofofin makaranta. Na taɓa karantawa a wata 'yar takardar malaman gona cewa makiyayi na zamani yana yi wa dabbobinsa alama. Ka ga amfanin karatu: duk abin kunyar da mutum ya so yi, zai sami shafin da ya ba shi izini. Na ɗauki gwangwanin da buroshi na hau mota. Mahaifiyarka ta tambaye ni ko Giɗaɗo ya yi ƙofa ne.

Na same shi da hantsi, shanu ba su fita ba. Aka shimfiɗa mini tabarma, Goggo Dije matarsa ta dama fura. Bayan na sha, na fito da gwangwanin na fara bayani, wai tsarin zamani ne, wai don sauƙin malaman allura ne, wai ko don bayan ranmu. Ya bar ni na kai aya. Ya dubi gwangwanin, ya dube ni, ya tashi ya ce:

"To bismilla. Nuna naka, in riƙe maka ƙaho."

Sani, na shiga garken nan na tsaya. Fara, fara, ja, fara. Duk suka zuba mini ido suna tuƙa. Ni da na zo tabbatar da dukiyata ban san ko ɗaya ba. Karsanan da na saya sun daɗe da tsufa, 'ya'yansu da jikokinsu ban taɓa ganinsu ba sai a bakinsa. Na yi ta juya buroshi a hannu. Da ya ga abin ya isa, sai ya taka ya kamo wata fara mai ɗigon baƙi a hanci, ya ce wannan jikar mai guntun bindi ce da na saya a Maigatari. Ya riƙe, na shafa. Ya kamo wata, ya faɗi uwarta da kakarta da inda aka haife ta. Ya riƙe, na shafa. Da hannunsa yake nuna mini, da bakinsa nake sanin nawa. Ko alamar rashin yardar tawa, a kan yardarsa ta tsaya. Da ya so, da uku zai kamo in tafi ina godiya.

Fenti ya ƙare a ta bakwai. Ya ce saura biyu da ɗan maraƙi, ko zan dawo da wani gwangwanin. Na waiga na dubi waɗanda ba ja a ƙahonsu, wato nasa. Mutumin da na sani da garken da ba a ganin ƙarshensa, abin da ya rage masa bai kai nawa ba.

Ya rako ni bakin hanya kamar yadda ya saba. Da mota ta tsaya ya ce:

"Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe, Malam Hedimasta."

Ban taɓa jin girmamawa mai ɗaci irin wannan ba. Kwana uku bayan haka ka fito da safe ka ga shanu goma a ƙofar gida, ka tuna. Shi da kansa ya kawo su. Ya gaishe ni a tsaye, ya ce tunda sun sami shaida gara su zauna kusa da mai su, kada wata ta ɓata a hannunsa ya rasa abin faɗa. Ya ƙi shan ruwa.

Sauran labarin a bakin mata ya zo. Goggo Dije ta gaya wa mahaifiyarka a kasuwa cewa can kudu, da abin ya tsananta, nasa shanun ya riƙa kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana sayen dusa da angurya. In abincin bai isa ba, na amana ake fara ba. 'Yan'uwansa sun ce ya haukace. Ya ce nasa in sun mutu shi da Allah ne, na bawansa in sun mutu da wane ido zai shiga Gumel. Mahaifiyarka ta kawo mini wannan magana tare da tuwon dare, ta ajiye duka biyun a gabana ta fita. Tuwon kaɗai na iya haɗiyewa.

Kuskure na uku ya fi na fentin muni, kuma shi ne wanda ka gada. Na ji duk wannan, ban je ba. Shekara biyu. In mun haɗu a Maigatari ya ce ranka ya daɗe, in ce sannu Malam Giɗaɗo, mu wuce kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Duk wanda ya tambaya in ce Fulani akwai saurin fushi. Alhaji Tanko ya yaba mini, ya ce yanzu na waye. Shanu kuwa suka zauna a bayan gida suna cin harawar saye suna ramewa, kullum da safe bakwai daga cikinsu suna ɗago mini jan ƙaho. Kai kana kallo. Ba ka ji laccata ba, ƙahon ka gani, ka tafi kanti ka sayo kwaɗo. Ban ga laifinka ba. Kwaɗonka ɗan fentina ne.

Shi ya sa ranar Talatar nan na cire shi. Ranar Laraba na sayi kananzir kwalba biyu na wuni ina goge ƙaho da tsumma, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Ranar Asabar bayan sallar asuba na ɗauki sanda na kaɗa su, yanzu sun zama goma sha ɗaya. Ba zan ba ka labarin hanyar ba, don mutuncin aikin koyarwa. Abin da zan ce kawai, saniya ba ta jin "ku shiga layi", kuma akwai wani mai gonar wake wajen rabin hanya da ya san sunayen kakannina fiye da ni. Alhaji Tanko ya gan ni ina fita gari, ya ɗaga murya yana tambaya ko keken ma zan bi in ƙara wa mai shi famfo. Na ce masa in na gan shi zan ƙara.

Na isa rugar rana ta karkata, takalmi ɗaya ya tsinke. Giɗaɗo yana zaune yana tufkar igiya. Bai tashi ba. Na yi sallama ya amsa. Duk jawabin da na shirya a hanya, mai gabatarwa da kammalawa, ya gudu ya bar ni. Na ce na kawo su ne kawai. Ya tashi ya bi su ɗaya ɗaya, yana taɓa haƙarƙari, yana duba kofato. Ya kama ƙahon mai ɗigon baƙi ya juya shi ga rana. Kananzir ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma jan ya shige cikin tsagar ƙahon, ana ganinsa siri siri. Ya sa farce ya kankara, bai fita ba. Ya daɗe yana kallo, ni kuma ina tsaye da takalmi a hannu, ban san ko zan koma da su ba.

Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Dubi yadda aka mai da su. Dije, kawo wa bawan nan ruwa kafin ya mutu mini a ƙofa, a ce ban iya riƙon dukiya ba."

Bai ce komai ya wuce ba, kuma ban ce ya wuce ba. Jan yana nan a tsaga, sai dai ƙaho ya yi tsawo ya tura shi gaba. Amma ya karɓa, kuma na kwana a rugar.

To ga abin da nake so da kai. Ban ce ka bar akwatinka a buɗe a tashar mota ba, ubanka ba mahaukaci ba ne, ko da yake akwai masu wannan ra'ayi a gindin maina. Kulle akwati, wannan ƙarfe ne a kan ƙarfe. Amma a cikin mutanen da za ka zauna da su, ka nemi ɗaya ko biyu ka ba su amana tun ba su roƙa ba, ƙarama tukuna, ka ga yadda za su riƙe. Ka duba wanda yake tambayar sunan ƙannenka, ba wanda yake yabon takalminka ba. In ka ba da, ka ba da gaba ɗaya, kada ka bi ta baya da buroshi. In kai aka ba, ka fara ciyar da na amana kafin naka. Haka kuma ranar da Allah ya kawo ka ga aure. Gidan da miji yake auna hatsi yana yi wa buhu alama, ko an ƙoshi ba a ji daɗi ba.

Za su ce maka kai baƙauye ne, ba ka san birni ba. Ka ce haka ne. Wani zai ci amanarka, su taru su yi dariya. Ka bar su su dara. Wanda aka cuta ya yi asarar keke, wanda ya ƙi yarda da kowa ya yi asarar mutane, kuma ban taɓa ganin keke ya ɗauki makara ba. In duk ƙasar nan ta koma kwaɗo da hatimi, zauren gidanmu zai zauna a buɗe muddin ina numfashi, baƙo ya shigo ya sha ruwa. In mai tabarau ne, ya sami tabarma, keken dai na shigar da shi cikin gida.

Allah ya tsare mini kai, ya haɗa ka da waɗanda suka fi ubanka riƙon zumunci. Allah ya sa ka fi ƙarfin zuciyarka, ya dawo mana da kai lafiya da Sallah. Mahaifiyarka ta ce ka riƙa cin abinci, kuma ƙullin yajin yana ƙasan akwati ta hagu. Baffanka Giɗaɗo ya ce a gaishe da ɗan bawansa.

Mahaifinka.

Na manta wani abu. Ranar kwaɗon na ce maka fushin Fillo ne ya raba mu. Ba haka ba ne. Ni ne ban yi daidai ba. Shi ban iya faɗa masa da baki ba tukuna, na fara gwadawa a kanka.